Gida Shida Tsakanina da Dokta

Na karanta duk abin da kuka rubuto min, har da zagin. Wata ta ce in daina iyayi in karɓi mijin da Allah ya kawo min har ƙofar ofis. Wata ta ce irina ne ke tsufa a ɗakin uwa saboda baƙin zargi. To na ji, na kuma gode. Amma ku bari in ba ku labarin abin da ya faru ranar Laraba, sannan ku sake yanke min hukunci.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, ni ce Rula. A ofis aka laƙaba min sunan, ya biyo ni har gida. Aikina kwashe bayanai daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabuwa. Ranar Asabar ɗin nan ake sa ran iyayen wani bawan Allah za su zo gidanmu neman aurena, kuma kowa na murna ban da ni. Kada ku ce ba na son sa. Ina son sa, irin son da har haushin kaina nake ji. Abin da na kasa ganewa shi ne, ni yake so ko sa hannuna?

Da safen ranar ƙarar jan kujera ce ta tashe ni. Na fito na tarar Gwaggo, yayar Baba, ta ɗaure ƙugu da mayafi tana ba da umarni a falo kamar ita ta gina gidan. An sauke tsofaffin labulen nan masu ruwan ƙasa, an rataya sababbi masu ruwan toka da har yanzu alamar ninki ke jikinsu. An mayar da doguwar kujera jikin taga don ta rufe inda fenti ya ɓare. Hoton kammala karatuna da ya shekara a bayan talabijin yau ya hau bango.

"Ga amaryar Dokta ta fito," in ji Gwaggo. "Ke dubi fuska don Allah, kamar wadda aka aiko wa saƙon mutuwa. Zo ki gwada rigar nan."

Dokta dai ba likita ba ne, ko allura bai iya ba. Babansa ne ke da babban kamfanin sarin magunguna, shi kuma yana kula da kwamfutocin kamfanin. Amma tun ranar da Gwaggo ta ji kalmar magani ta ba shi digiri, mu ma duk muka bi.

"Gwaggo zan makara."

"Makarar me? Aikin ma ai na gidan surukanki ne. Wa zai kore ki?"

Ta ɗora min doguwar rigar a kafaɗa, leshi mai ruwan zuma da duwatsu a wuya. Ta yi kyau, ba zan ci amanar tela ba. Mama na zaune a gefe da kofin shayi tana kallona da irin murmushin da rabon da in gani a fuskarta tun auren Yaya. Murmushin nan ya fi duk surutun Gwaggo yi min nauyi.

"Miƙo min maganina a kan firij," in ji Mama.

Maganin hawan jini ne, Dokta ke kawo mata duk wata ba tare da an roƙe shi ba. Na ɗauko ledar, sai idona ya sauka a kan tambarin da ke jikinta. Na wani kantin magani ne da ke bakin babban titi, ba na kamfaninsu ba. Na leƙa bayan firij inda Mama ke cusa tsofaffin ledoji. Duk iri ɗaya ne.

"Mama, kullum a ledar nan yake kawowa?"

"Ina ruwanki da leda? Magani zan sha ko leda?"

"A'a, gani na yi babansa na da sito cike da magani, shi kuma yana zuwa kanti yana saye."

Gwaggo ta tafa hannu. "Kin ji ta ko? An fara. Yaro ya yi abin arziki, ita tana binciken leda. Wallahi ke ko aljanna aka kai ki sai kin duba bayan ƙofa."

Mama ta yi dariya, ni ma na yi, amma ta ciki na ciki.

Ina cikin mota wayata ta yi ƙara. Shi ne.

"Barka da safiya ranki ya daɗe. Yau za a rufe tsarin ko?"

Na ja saƙonninmu sama. Na jiya: "Kin ci abinci? Ina aka kwana a fayil ɗin?" Na shekaranjiya: "Rigar nan ta jiya ta hana ni barci. Kin kai gurbin kwanan wata?" Kun gani ko? Kowane saƙo zuma a sama, fayil a ƙasa. Wane irin saurayi ne ke tambayar budurwarsa gurbin kwanan wata? Na rubuta masa "In sha Allah" kawai, na kife wayar a cinya.

Bari in ɗan yi muku bayanin aikin, don in ba haka ba za ku ce mahaukaciya ce ni. Kamfanin su Dokta ne ya kawo wa ofishinmu aikin, manhajarsu ta tsufa tukuf, hanya ɗaya ta sani ta fitar da bayani: fayil na zallar rubutu, layi bisa layi, kowane layi kwalin magani iri ɗaya. Ba kan magana a sama, ba waƙafi, ba layin da ya raba suna da lamba. Haruffa da lambobi ne manne da juna. Abin da ya raba su kawai shi ne wurin zama. Ku ɗauka kiret ɗin ƙwai ne, kowane harafi da gidansa. Gida na ɗaya zuwa na takwas lambar kaya. Na tara zuwa na talatin da takwas sunan magani, in sunan bai cika ba a cike sauran da fili. Haka har ƙarshen layi. Kowane rukunin gidaje muna ce masa gurbi. Ni ce nake faɗa wa sabuwar manhaja inda kowane gurbi ya fara, faɗinsa nawa, da kuma abin da ke cikinsa. Wannan shi ne tsari. In na kuskure gida ɗaya, wutsiyar sunan magani sai ta faɗa cikin lambar da ke binsa, komai ya dagule. Shi ya sa kullum nake jera lambobi a saman fayil kamar rula ina auna layi da su, kun ji inda sunan ya samo asali.

Tun da fayil ɗin ba ya faɗar komai da bakinsa, dole mai kayan ne zai ba ka takardar da ta ce gurbi kaza abu kaza ne. Abin da ya rubuta shi ne gaskiya, sai dai in ka kama shi. Ni kuma Dokta ne ya miƙo min takardar da hannunsa, ranar da muka fara haɗuwa.

Ofishinmu ɗaki ne dogo, tebura a jere, na'urar sanyaya ɗaki tana tari kamar tsoho. Kusa da ni Anti Tabarau ke zama, wadda ta koya min aikin. Ta girme ni sosai, ga tsokana. Tana ganina ta sauke tabaran zuwa kan hanci.

"Matar kwastoma, an iso? Yau dai a sa hannu mu huta, mu ma a ba mu katin biki."

"Anti ki bar ni, kaina ke ciwo."

"Ciwon so ne, ba ya jin magani, ko da na gidan surukai ne."

Na kunna kwamfuta na buɗe fayil ɗin gwaji. Gaskiya aikin ya ƙare tun jiya. Kowane gurbi ya zauna daram, ba harafin da ya tsallaka gidan maƙwabcinsa. Na bi takarda sau biyu. Lambar kaya daidai, suna daidai, lambar rukunin da aka sarrafa maganin daidai, adadi daidai. Gida na hamsin da biyar zuwa sittin, ranar shigowar kaya, takarda ta ce shekara, wata, rana. Gida na sittin da ɗaya zuwa sittin da shida, ranar ƙarewar wa'adin magani, takarda ta ce rana, wata, shekara.

Na tsaya a nan. Tun farko na ga wannan bambancin, amma tsofaffin manhajoji sun saba da irin wannan shirme, wani ya rubuta rabi ya bar aiki wani ya ƙarasa. Manhaja ba ta yi ƙorafi ba, duk kwanakin sun shiga lafiya, ba ja ko ɗaya. Da wata rana ce da na sa hannu na tafi cin abinci. Amma ledar nan ta safe ta tsaya min a wuya.

Na ce wa manhajar ta jera min kayan bisa ranar ƙarewa. Na fara gangarawa. Ashirin da huɗu ga wata. Ashirin da huɗu. Ashirin da uku. Ashirin da shida. Ashirin da huɗu. Na gangara shafi bayan shafi, ba maganin da zai mutu ranar ɗaya ga wata, ko goma, ko sha biyar. Duk sun haɗa baki za su mutu tsakanin ashirin da uku da ashirin da bakwai. Na duba shekarun. Talatin, talatin da ɗaya, talatin da ɗaya, talatin, jefi-jefi ashirin da takwas ko da tara.

Na juya wajen Anti Tabarau.

"Anti, zo ki ga wani abu."

Ta turo kujerarta da ƙafa har gefena. "Me kuma? Gurbi ya zame?"

"Bai zame ba. Dubi shekarun nan. Wane magani ne ke shekara shida a sito bai lalace ba, kuma duk sito haka?"

Ta gyara tabarau ta duba. Sai ta ce, "Ware min na watan biyu kawai."

Na ware. Duk layin da watansa biyu, shekararsa ashirin da takwas ce ko ashirin da tara. Ba talatin ko ɗaya.

"Na watan huɗu."

Duk talatin.

"Na watan biyar."

Duk talatin da ɗaya.

Anti Tabarau ta dunƙule hannu tana taɓa gaɓoɓin yatsunta ɗaya bayan ɗaya, yadda ake koya wa yara watanni masu tsawo da gajeru. Ta kai ƙarshe ta kalle ni, tsokanar nan duk ta bar fuskarta.

"Rula, wannan ba shekara ba ce. Ƙarshen wata ne."

Ni ma na riga na gane. Magani a ƙarshen wata wa'adinsa ke cika. Lambobi biyun ƙarshe rana ce, biyun farko su ne shekara, daidai da gurbin da ke gefensa. Takarda ta juya su. Kwalin da fayil ya ce 240331 ya mutu tun ƙarshen watan uku na bara. In na bi takardar Dokta, zai tashi daga kabari ya rayu har shekara ta talatin da ɗaya. Kuma sabuwar manhajar ita ce ke hana fitar da maganin da ya ƙare, ita ce kuma ke buga 'yar takardar da ake liƙa wa kwali kafin ya tafi kantuna da asibitoci.

Na juya tsarin yadda ya kamata na sake gwadawa. Fuskar kwamfutar ta cika da ja, alamar kayan da wa'adinsu ya wuce. Layuka dubbai, har da na ciwon suga, har da ruwan maganin yara.

"Ƙila kuskure ne," na ce, muryata ko ni ban yarda da ita ba.

"Ƙila," in ji Anti. "Kuskure yakan faɗa ko'ina. Amma wannan ya san inda ya faɗa." Ta rage murya. "Wa ya ba ki takardar?"

Ta san amsar.

Na kwashi takardun na nufi ofishin Oga, shugabanmu. Mutum ne mai kirki amma ba ya son abin da zai hana shi rufe aiki. Yana waya na shiga, ya yi min alama in zauna, ya gama ya juyo.

"An gama? Kawo in gani."

Na nuna masa. Ya daɗe yana kallo yana shafa gemu.

"Rula, mu takarda muke bi. Kwastoma ya ce rana ce a gaba, mu su wa da za mu ce ƙarya yake?"

"Yallaɓai, watan biyu ba ya kai talatin. Fayil ɗin da kansa ya faɗa."

"Na gani, ba makaho ba ne ni." Ya sauke numfashi. "Hanya biyu ce. Ko ki sa hannu bisa takardarsu, in abu ya fashe mu ce abin da aka ba mu ke nan, amma sunanki ne a ƙasa. Ko ki rubuta rahoto cewa kin ƙi, da dalilinki, ni kuma dole in tura wa masu sa ido kan magani, don ba zan ɓoye irin wannan a durowata ba. Kwastoman zai tafi, wannan kam babu shakka. Ki yi tunani zuwa gobe da safe." Ya ɗan yi murmushin tausayi. "Ki fara tambayar mutumin naki. Shi da ya zo nan da sunanki a baki, ai ba zai ƙi gaya miki gaskiya ba."

Na riga na miƙe, na koma na zauna.

"Da sunana?"

"Eh mana. Ranar da ya fara zuwa cewa ya yi in ba ke za a ba aikin ba, zai kai wani wuri. Na ɗauka kun san juna."

Jama'a, ba mu san juna ba. Ni dai abin da na sani, ranar nan na fito daga ɗakin shan shayi da kofi a hannu, muka yi karo a ƙofa, shayi ya zube a farar rigarsa, ya yi dariya ya ce yanzu dole in biya shi da lambar waya. Labarin nan na ba Mama, na ba Gwaggo, na ba ku ma a nan kuka yi ta turo min hoton zuciya. Ashe mutumin da sunana ya shigo ginin.

Na koma tebur ina jin kunya kamar an tuɓe min mayafi a kasuwa. Duk abin da ya taɓa yi min sai ya dawo da wata fuska. Furen da ya aiko ofis. Yadda ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba. Yadda ya matsa a yi maganar aure da wuri, a daidai makon da za a rufe aikin. Biri ya yi kama da mutum. Wa zai fi sauƙin sa wa hannu a takarda irin yarinyar da ke jiran a zo neman aurenta?

Na ɗauki waya. "Ka zo gida bayan la'asar. Akwai magana."

Nan take ya amsa. "Lafiya? Kin ga wani abu ne?"

Ban ce masa na ga wani abu ba. Na kalli tambayar nan har fuskar wayar ta mutu.

Da ya iso na ji tun daga ɗaki, don Gwaggo ta fi ƙararrawa. "Maraba da Dokta! Shigo, shigo, gidanku ne. Ka ga labule? Saboda ku aka sa." Ban yi kwalliya ba. Baƙar doguwar rigar da na dawo da ita daga ofis ce a jikina, ko hoda ban ƙara ba. Na ɗauki kwamfutata na fito.

Yana zaune a kan doguwar kujera cikin shuɗin yadi mai taushi, agogon nan mai baƙin maɗauri a hannunsa, ƙamshin turarensa ya cika falon. Ya ɗago ya yi min murmushi, zuciyata marar kunya ta buga kamar ba ita ta yini tana kuka ba. Gwaggo ta ajiye masa ruwa da lemo, ta fita tana waiwaye, ta bar ƙofar a buɗe kaɗan. Na tashi na tura ta.

"Ranki ya daɗe, wannan fuska fa?"

Ban zauna kusa da shi ba. Na ajiye kwamfutar a kan teburin tsakiya na juya ta gabansa, jan nan duk a fili.

"Gida na sittin da ɗaya zuwa sittin da shida," na ce. "Karanta min."

Na shirya wa ƙarya. Na shirya wa rantsuwa, da "kuskuren sakatare ne", da fushin borin kunya. Abin da ban shirya wa ba shi ne abin da ya yi. Ya kalli jan, ya rufe ido, ya jingina da kujera ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Alhamdulillah," ya ce.

"Me ka ce?"

"Na ɗauka ba za ki gani ba. Kullum ina tambayarki ko kin kai wurin, kina ce min komai lafiya."

Na zauna a hannun kujera. "Ka san da shi ke nan."

"Na sani."

"Kai ka rubuta takardar?"

"Ni na buga. Baba ya tsaya a kaina." Ya sunkuyar da kai yana murza agogonsa. "Kayan sun yi yawa, Rula. An yi saye ba lissafi, kasuwa ta tsaya, suka mutu a sito. Ya ce in aka zubar da su kamfanin ya rushe. Na roƙe shi, na sa Kawu ya roƙe shi. Ya ce duk ɗan da ya fitar da maganar nan waje, ya nemi wani uban."

"Shi ya sa kake saya wa Mama magani a kanti."

Ya ɗago da sauri, sai kuma ya kawar da kai. "Ba zan ba ta abin da ban yarda da shi ba."

"Uwar wasu fa?"

Daga kicin ina jin ƙarar cokula da dariyar Gwaggo.

"Oga ya ce da sunana ka zo."

"Haka ne. Na yi tambaya a wurin masu irin aikinku. Na ce wa ke karanta abin da ke cikin fayil, ba takarda kawai ba? Mutum biyu suka ce akwai wata Rula, ba ta da sauƙi, ko fili ɗaya ya yi yawa sai ta tayar da magana. Na ce ita nake nema. In ke kika gano, daga ofishinku rahoton zai fito. Baba ba zai ce ni ne ba."

"Karon da muka yi a ƙofa fa? Shayin?"

"Na san ke ce. Amma shayin ban shirya shi ba, wallahi." Ya matso gaban kujera. "Rula, ki saurare ni. Na zo ne don aikin, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma abin da ya biyo baya ba shiri ba ne. Ina son ki. Ban taɓa son wata haka ba."

Kun san abin haushi? Na yarda da shi. Idonsa ya yi ja, muryarsa na rawa, kuma na san yadda yake in yana wasa. Da ƙarya yake da abin ya zo min da sauƙi, in kore shi in yi kukana in huta. Na yini ina zargin yana so in rufa masa asiri, ashe so yake in tona, in ɗauki dutsen da shi ya kasa ɗagawa, shi kuma ya tsaya gefe da farar rigarsa.

"Me ya hana ka gaya min tun farko?"

"In na gaya miki, na fitar da maganar ke nan. Na yi masa alkawari."

"Oh, alkawari. To in na rubuta rahoton, babanka zai san wa ya rubuta?"

"Sunanki zai gani."

"Zai zo ranar Asabar?"

A hankali ya ce, "Ba zai zo ba. Ba na jin zai taɓa zuwa."

"Kai fa?"

"Zan lallaɓa shi. A ba shi lokaci, shekara ɗaya ko biyu..."

"Ban tambaye ka shi ba. Kai fa?"

Ya koma murza agogonsa. Akwai sauran tambaya ɗaya, kuma na san in ban yi ta yanzu ba, ba zan ƙara samun ƙarfin yi ba.

"Dokta, da ban gano ba fa? Da na bi takardarka na sa hannu, me za ka yi?"

Ya ture kofin lemon da bai taɓa ba.

"Da na ce haka Allah ya so," ya ce. "Da ranar Asabar mun zo."

Wallahi da mari ya yi min da ya fi. Wato da na zama sakarya, da na samu miji, kwalayen nan su bi motoci su shiga gari da sunana a ƙasan takarda, shi kuma ya ci gaba da saya wa surukarsa magani a kanti. Yanzu da na yi aikina daidai, ni ce zan rasa, shi ya tsira da ubansa da kuma zuciyarsa fes. Ta ko'ina aka juya, hannunsa ba ya taɓa wuta.

Wayata ta yi ƙara a kan tebur, saƙon Oga ya fito a sama inda mu duka muke gani: "Me kika yanke? Gobe da safe nake turawa, ko wannan ko wancan."

Kafin in kai hannu aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mama ce ta turo kai, ta sake mayafi ta sa mai kyau, Gwaggo na leƙe ta bayan kafaɗarta. Na yi sauri na rufe kwamfutar.

"Ku yi haƙuri na katse ku," in ji Mama, da murmushin nan nata. "Ɗana, so nake in san mutum nawa za mu sa rai da su ranar Asabar, saboda kujeru. Babanta ya ce a karɓo na maƙwabta in ba za su isa ba."

Dokta ya zame daga kujera ya durƙusa kamar yadda ya saba, kansa a ƙasa, ladabi har ya yi yawa. Na zuba masa ido ina jira. Na ce a raina, ga dama ta ƙarshe, bawan Allah, buɗe baki ka ɗauki ko da gefe ɗaya na kayan nan.

Ya ɗago, bai kalli Mama ba, ni ya kalla.

"Mama," ya ce, "ai wannan sai abin da Rula ta ce."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa tana cewa kun ji miji, tun yanzu ya miƙa mata mulki. Mama ta juyo gare ni tana dariya, idonta har da ƙwalla.

"To uwar gida, muna jin ki. Kujera nawa?"